Dillancin Ma'aikata: Asalinsa da Sharaɗinsa

Bayan haka, a sani cewa dillanci bai tsaya ga shanu da raƙuma ba. A shekarar 1948, a birnin Milwaukee na Amurka, aikin gaggawa ya taso wa lauyoyi biyu, Elmer Winter da Aaron Scheinfeld. Suka nemi mai buga tafireta na ɗan lokaci, suka rasa. Sai suka kafa kamfanin Manpower. Shi ke ɗaukar ma'aikaci, ya tura shi wurin mai bukata, ya karɓi kuɗin, ya biya shi, ya riƙe la'adarsa. Yau yana da rassa a ƙasashe fiye da 70.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gumel. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, baƙon falke bai san 'yan dako ba, sai ɗan gari ya haɗa su, ya tsaya masa.

Abin tsoro shi ne mai shiga tsakani ya ɓoye abin da aka biya, guminsu ya zama ribarsa. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a ijara a ambaci lada, a kuma yanke lokaci ko aiki. Saboda haka a faɗi kuɗin a gaban ɗan ƙodago tun bai ɗauki kaya ba. Wassalamu.