Ƙofar Ruwa: Inda Ake Auna Kabon da Yadi

Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Ƙaramar Hukumar Dala a Kano kasuwar ƙarfe ce. Rodi da kwanon rufi a wannan ɓangare, injin mota ɗan Beljiyam da giyabos da shokozoba a wancan, ƙasa kuma ta sha baƙin mai har ta canza launi. Amma a tsakanin waɗannan rumfuna akwai wasu shaguna da ƙyallinsu ke kiran mutum tun daga nesa. Su ne na 'yan kwalliyar mota. Rigar kujera a rataye, rigar sitiyari jere a jikin igiya, kafet ɗin ƙafa, fitilu, turaren mota, ledar tintet. A kusurwa kuma an jingine wasu dogayen bandir na baƙar leda mai zanen saƙa, wadda idan haske ya dake ta sai ta riƙa walƙiya a karkace. Ita ce sitikar kabon, kuma a 'yan shekarun nan tana cikin kayan da matasa masu mota suka fi tambaya.

Ledar ba kabon ba ce, kuma mai shago na kirki ba zai ce ita ce ba. Kabon na ainihi zare ne siriri da ake saƙawa a jiƙa shi da wani irin danƙo, ya bushe ya zama abu mai ƙarfin gaske da rashin nauyi. A 1981 kamfanin McLaren na Ingila ya fito da motar tsere MP4/1, ta farko a gasar Formula 1 da aka ƙera gangar jikinta da shi. Jirgin Boeing 787 ma kusan rabin nauyinsa irin waɗannan haɗe-haɗen ne. Daga motocin tsere abin ya sauko cikin motocin alfarma, saƙarsa ta zama alamar tsada. Abin da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa ledar PVC ce mai gam a baya, wadda aka buga wa hoton wannan saƙa. Ba ta rage wa mota nauyi, ba ta ƙara mata gudu. Aikinta ɗaya ne, ta rufe tsufa, kuma tana yin sa da kyau idan ta faɗa hannun da ya iya.

Tsufan kuwa akwai shi. Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano sun yi rayuwa guda a Amurka ko Turai kafin su iso. Corolla, Camry, Honda Accord, Pontiac Vibe, Golf, da Peugeot 406 wadda har yau ba ta bar hanyar Kano zuwa Katsina ba. Inji kan jure, amma robar cikin mota ba ta da wannan haƙuri. Kewayen rediyo yakan koɗe, gindin giya ya sha karce daga makullai da zobe, wurin madannin gilashi ya yi fari saboda gumin yatsa. Motocin Volkswagen na wani zamani suna da wani fenti mai laushi a jikin robobinsu da ke saɓulewa ya riƙa manne wa hannu. Katakon ƙarya da ake ƙawata wasu Camry da Lexus da shi yakan tsage saboda rana.

Da, mai irin wannan mota zai yi tunanin sayar da ita ya sauya wata. Abubuwa biyu suka sa wannan tunani ya yi wuya. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da dillalan Arewa suka dogara da ita ta ƙuntata. Sannan a Yunin 2023 aka sake wa Naira mara, Dalar da hukuma ke sayarwa a wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin mota ya ninka, na kayan gyara ya bi shi. Wanda yake da mota sai ya riƙe abarsa. A nan 'yan kwalliya suka samu kasuwa, domin yadi ɗaya na leda ya fi robar gaban mota 'yar Beljiyam sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma robar Beljiyam ɗin ma sau da yawa da nata karcen take zuwa.

Cinikin kamar na Kantin Kwari ake yin sa. Yaron shago ya warware bandir a kan teburi, ya auna da yadi ko mita, ya ja reza. Faɗin bandir na mota yawanci mita 1.52 ne, don haka yadi ɗaya kan ishi kewayen rediyo da gindin giya da madannan ƙofofi huɗu, har a samu ragowa ta gwaji. Mai saye ya taya, maigida ya ce albarka, a ja a ja har a kai ga sallama. Kusa da shagon ba a rasa matashi mai riƙe da aska da na'urar hura zafi, wanda zai ce wa mai mota: Alhaji, a manna maka yanzu. Kuɗin aikinsa daban da kuɗin leda, kuma wani lokaci wanda ya rako mai sayen daga bakin titi shi ma yana da ɗan kamashonsa a ciki.

Sunayen da ake kiran ledar da su sun samo asali ne daga masana'antun Sin, inda galibin kayan suke fitowa, musamman ta Guangzhou, su sauka a Legas su hau tirela zuwa Arewa. Akwai 3D, wadda ba ta sheƙi, ana jin tudun saƙarta a yatsa. Akwai 4D mai ɗan sheƙi. Akwai 5D da 6D masu santsi da ƙyalli kamar an zuba musu gilashi, su ne suka fi kama da kabon na gaske a ido. Waɗannan lambobi ba ma'aunin inganci ba ne, sunan kasuwa ne kawai. A gaskiya ma mai ƙyallin ta fi kauri da taurin kai wajen lanƙwasa, ta fi nuna karce, kuma idan rana ta haska ta tana iya mayar da haske idon direba. Wanda zai fara gwadawa a gida, 3D ta fi yi masa sauƙi.

Bambancin da ya fi muhimmanci ba a rubuta shi a jikin bandir. Hanyoyi biyu ake bi a yi irin wannan leda. Ɗaya, a narkar da sinadarin a zuba shi ya kwanta siriri ya bushe da kansa. Wannan ita ce hanyar manyan kamfanoni a kayansu na naɗe mota, irin su 3M da Avery Dennison na Amurka da Orafol na Jamus, kuma ledar da aka yi haka takan zauna inda aka ajiye ta. Ɗaya hanyar, a matse robar tsakanin manyan rodi masu juyawa har ta baje. Wannan ta fi araha, amma tun daga masana'anta an ja ta da ƙarfi, don haka duk lokacin da ta ji zafi sai ta nemi komawa yadda take. Mafi yawan abin da ke kasuwanninmu irin ta biyun ce. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, gaban motar da aka rufe a rana kuma ya haura digiri 70, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ledar da aka ja da yawa a kwana sai ta tattare, gefenta ya ɗaga, gam ya fito ya kama ƙura. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daidai. Duk da haka ledar Sin mai matsakaicin kuɗi tana yin shekaru a kan roba mai shafaffen jiki, muddin ba a wahalar da ita ba.

Mai saye da ya san kan abin ba ya tsayawa kan sunan kamfanin da aka buga a takardar baya, domin buga suna ba wuya. Yakan ɓare gefe ya duba gam ɗin. Mai kyau tana da ƙananan layuka a jikin gam, hanyoyin da iska ke bi ta fita, su ne ke hana kumburi. Yakan kuma nemi a yanko masa ɗan ƙyalle, ya ja shi, a hura masa zafi, ya ga ko zanen zai baje ko launin zai yi fari.

Masu kai ledar gida suna ƙaruwa, kuma dalilinsu a fili yake. Kasuwa wuri ne na ƙura da gaggawa, wannan aiki kuwa ba ya son ko ɗaya. Yaron da motoci uku ke jiransa zai fi so ya manna ledar a kan robar tana jikin mota, ya bi gefe da aska. Nan take abin zai yi kyau. Bayan wata biyu gefen ya fara ɗagawa, kuma sawun askar na nan a jikin dashbod har abada. Aikin da ke daɗewa sai an cire robar daga mota. Yawancin robobin ƙananan maƙalai ne ke riƙe da su, ana ɓamɓaro su da wani ɗan lebur na roba. Sukundireba kan bar tabo, kuma robar da ta sha ranar shekara goma sha biyar saurin karyewa gare ta. Wayoyin madannai a zare su a hankali, mota a kashe.

Daga nan sai wanki, wanda shi ne rabin aikin kuma shi aka fi rainawa. Man goge dashbod da ake tallarsa a danja, wanda masu wankin mota ke fesawa don gaba ya yi sheƙi, yawanci yana ɗauke da silikon, gam kuwa ba ya kama silikon. Sai an wanke robar da ruwan sabulu, ta bushe, a goge ta da sifirit sau biyu ko uku, har da bayanta inda za a naɗe gefen leda. Idan tsohon fenti yana saɓulewa, a kankare shi gaba ɗaya, a bi da sanfefa mai laushi. Ledar ba ta ɓoye rami ko tudu, fito da su take yi. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a ƙasa za a gan ta kullum, shi ya sa lokacin hunturu ake shiga ɗaki a rufe taga.

Yanka yana da nasa sirrin. Saƙar kabon a karkace take tafiya, don haka duk gutsattsarin da za su zauna kusa da juna dole a yanko su ta fuska ɗaya. Wanda ya juya leda don ya tsimi ɗan ƙyalle zai ga ƙofar dama tana kallon gabas, ta hagu tana kallon yamma. Ana barin rarar kamar faɗin yatsa biyu a kowane gefe. A ɗora daga tsakiya, a riƙa shafawa zuwa waje da katin roba da aka naɗe da tsumma mai laushi. A kwana ne ake hura zafi, kaɗan, har ledar ta yi laushi, a kwantar da ita da yatsa ba tare da ja da ƙarfi ba. Handirayar mata tana iya wannan. Abin da ba ta iyawa shi ne zafin ƙarshe: bayan an naɗe gefe zuwa baya, kamfanonin leda suna so a gasa wuraren da aka ja zuwa wajen digiri 90, don ledar ta manta da siffarta ta farko. Wannan sai na'urar hura zafi ta masu aiki, kuma hannu ya riƙa motsi, in ba haka ba robar motar ce za ta narke. Tunda wuta ba ta da tabbas, da yawa sukan jira a kawo ta ko su tada janareto, domin barin aiki a tsakiya ledar ta huce yana ɓata shi. Masu amfani da ashana ko kyandir suna ƙona zanen ne kawai.

Akwai wuraren da bai kamata ledar ta je ba ko da mai mota ya nace. Camry ta 2007 zuwa 2011 ta yi suna da dashbod mai narkewa ya yi danƙo a ƙasashe masu zafi, har kamfanin Toyota ya buɗe shirin sauya wa masu ita a Amurka. Gam ba ya zama a kan irin wannan, rigar dashbod ce maganinsa. Haka duk roba mai taushi ko mai gurzajjen jiki, ledar ba ta samun wurin kamawa. Wanda ya fi duka haɗari shi ne tsakiyar sitiyari da gaban kujerar fasinja, inda aka rubuta SRS. A ƙarƙashin wurin jakar iska take, kuma an yi wa murfin wani siririn layi da zai tsage cikin ƙiftawar ido idan an yi karo. Leda mai ƙarfi a kai tana iya hana shi tsagewa yadda aka tsara. Abin takaici ne a ga motar da ta tsallake teku da jakar iskarta lafiya, a zo a liƙe ta saboda ado.

Sana'ar tana ciyar da mutane fiye da yadda ake zato. Direbobin A Daidaita Sahu, waɗanda suka cika gari tun bayan hana acaɓa a Kano a 2013, suna sayen ragowar ƙyalle su ƙawata gaban kekensu. Masu babur na naɗe tanki, masu gyaran waya na manna ta a bayan wayoyi. Yaron da ya fara da share shago yana iya koyon aikin a hannun maigidansa, jarinsa aska da kati da na'urar zafi ɗaya. Abin da ya rage wa 'yan kwalliyar Ƙofar Ruwa shi ne su riƙa gaya wa mai saye irin ledar da suka yanka masa da inda ba za ta zauna ba, su kuma ƙi manna ta a kan murfin jakar iska ko nawa aka ba su. Mai mota da ya sayi yadinsa zai kai gida kuma, ya fara da robar madannin gilashin ƙofar baya. Ita ce mafi ƙanƙanta, kuma idan ta lalace ragowar ledar za ta isa a sake.