Ɗakin laka: yadda ake gina shi ya daɗe

Ƴan'uwa mazauna karkara, kowace damana muna jin labarin ɗakunan da suka faɗi. Damanar 2024 ta yi ɓarna ƙwarai a jihar Maraɗi. Gidaje da yawa sun rushe, mutane sun rasu. A Damagaram, har tsohon masallacin laka da aka gina tun zamanin sarakuna ya faɗi cikin watan Satumba na shekarar. Wasu sun ce laka ba ta da amana. Amma kakanninmu na Tasawa da Mayahi sun kwana cikin laka shekara da shekaru. Sun san abu uku: tushe, rufi da yaɓe.

Wuri da ƙasa

Kada a yi gini a kan hanyar ruwa ko cikin kwari. A nemi tudu. Ƙasarmu ta jigawa rairayi ne, ba ta kama jiki ita kaɗai. Shi ya sa magina ke ɗebo laka bakin tabki ko fadama. Ana jiƙa ta, a zuba ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa. Sai a bar ta ta kwana biyu ko uku, a sake cuɗawa. Ramno shi ke hana bango tsagewa. Tubali kuwa sai ya bushe sarai kafin a ɗora shi. Don haka da rani ake gini.

Tushe

A haƙa har a iske ƙasa mai tauri. Bango ya zama mai kauri daga ƙasa, yana raguwa zuwa sama. In an gama, a tara ƙasa a gindin bango, a daɓe ta, ta gangara waje. Mu tuna: yawancin ɗakuna daga gindi suke faɗuwa. Ruwa ne ke kwanciya a nan, ya jiƙa tubalin ƙasa, nauyin sama ya danne shi.

Rufi

Rufi iri biyu muka gada. Na farko jinka ne: a ɗaure tsaiko da tanka, a baibaye da shibci. Ɗakin jinka yana da sanyi, ba shi da tsada, amma yana tsoron wuta. Na biyu soro ne. Ana jera azara, a shimfiɗa zana ko kara, a zuba laka a daɓe. Azarar giginya ta fi kowace, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin laka in faɗin ya wuce kamu 4, wato wajen metir 2. In ana son babban ɗaki, sai magini ya yi bakan gizo, ko ya kafa ginshiƙi.

Kowane soro yana bukatar indararo mai tsawo, wanda zai zubar da ruwa nesa da bango. Indararon da ya toshe shi ne babban abokin gabar soro.

Yaɓe

Yaɓe shi ne rigar ɗaki. Kowace shekara, kafin ruwan farko, a sake shi, musamman a bangon gabas, inda hadari ke bugowa. Mutanen da suna jiƙa kwasfar ɗorawa su sami makuba, su gauraya da laka don ruwa ya zame. A lura: siminti ba ya kama bangon laka da kyau. Yakan ɓamɓare, ruwa ya shiga ta baya ba a gani ba.

Ina za mu samu icce?

Ga babbar damuwa ta yau. Giginya ta yi wuya. Goribar Gulbin Kaba, wadda mata ke samun kabar tabarma da igiya daga gare ta, in muka sare ta don rufi, mun kashe sana'arsu. Akwai hanya biyu. Ta farko ita ce sassaben zamani, wanda ya bazu a jihar Maraɗi tun wajen 1984: manomi ya bar tohon itace cikin gonarsa, ya riƙa gyara shi, bayan ƴan shekaru ya samu sandunan gini. Ta biyu ita ce gini ba icce, wanda aka fara gwadawa a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980. Ana rufe ɗaki da ƙananan tubali kaɗai, a yi shi kamar kifaffiyar ƙwarya. Wannan aiki sai maginin da ya koya. Kada kowa ya gwada shi da ka.

Mu tattauna a ajinmu

Ɗaki nawa suka faɗi a garinmu bara? Daga ina suka fara lalacewa, gindi ko rufi? Wa zai shiga gayyar yaɓe a gidajen tsofaffi da gwauraye kafin hadari ya taso?