Fadar da Ake Komawa Cikinta: Nazari a kan Symphony of the Night

Tun shekarar 1986, sa'ad da kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyon Castlevania na farko, al'adar wannan silsila ba ta cika sauyawa ba har kusan shekara goma: jarumi daga zuriyar Belmont ya ɗauki bulalar kakanninsa, ya shiga fadar Dirakula mai shan jini, ya yi ta tafiya daga hagu zuwa dama bisa hanya guda, in ya faɗa rami ya sake, har ya kai ga maigidan ya halaka shi. A watan Maris na 1997 aka fitar da Symphony of the Night a kan na'urar PlayStation, kuma shi ne wanda har yau masana wannan fanni ke fifitawa bisa sauran 'yan'uwansa, alhali ya zo ne a lokacin da hankalin jama'a ya koma ga wasanni masu siffa uku irin su Super Mario 64, ana yi wa zane mai siffa biyu kallon tsohon yayi.

Sababin farko na wannan fifiko yana ga niyyar waɗanda suka tsara shi, wato Toru Hagihara da mataimakinsa Koji Igarashi, wanda daga baya ragamar silsilar ta koma hannunsa. Igarashi ya lura cewa gwani yakan gama tsofaffin wasannin cikin 'yan kwanaki ya ajiye, wanda bai ƙware ba kuwa yakan gaji da shan kaye ya haƙura, saboda haka aka mai da fadar gida guda mai ɗakuna da rumfuna da ƙofofi a rufe, aka kuma ba jarumin damar ƙara ƙarfi gwargwadon yawan abokan gabar da ya kayar, ta yadda mai haƙuri zai cim ma abin da mai saurin hannu ya cim ma. Jarumin ma an sauya shi: Alucard ne, ɗan Dirakula na cikinsa, wanda mahaifiyarsa Lisa 'yar Adam ce da mutane suka kashe bisa zargin maita. Yana shiga fadar cikin cikakkiyar shiga ta yaƙi, sai wani ƙwarangwal mai lauje ya tare shi ya ƙwace masa takobi da garkuwa da sulke, ya bar shi hannu rabbana. Daga nan mai wasa zai riƙa hango wata taga can sama wadda tsallensa bai kai ba, ya wuce yana tuna ta, sai bayan sa'o'i, idan ya sami ikon rikiɗa jemage ko hazo, ya dawo ya shige ta. Wannan komawa baya, a ganina, ita ce ruhin wasan gaba ɗaya, kuma kiɗan Michiru Yamane da zanen Ayami Kojima sun sa mutum ba ya ƙosawa da ratsa zauren da ya riga ya ratsa sau goma.

Amma wurin da hikimar ta fi bayyana shi ne saman hasumiya. A can Alucard yake iske Richter Belmont, jarumin wasan Rondo of Blood na 1993, ya zama shi ne mai fadar. Wanda ya yi hukunci da zahiri ya kashe shi zai ga wasan ya ƙare, ya tashi yana zaton ya gama, bai san rabi kaɗai ya gani ba. Wanda kuwa ya bincika lunguna ya samo zoben zinariya da na azurfa, ya kai su ɗakin agogo, ya karɓi tabarau daga hannun wata mai suna Maria, shi zai ga wani ƙwallon sihiri yana shawagi bisa kan Richter, ya gane cewa wani boka mai suna Shaft ne ke juya shi. In ya fasa ƙwallon ya bar mutumin da ransa, sai wata fada ta biyu ta sauko daga gajimare a kife, matakala a rufi, fitilu suna tsirowa daga ƙasa, har taswirar ta kai kashi 200.6 cikin ɗari. Ina jin nauyin wannan tsari ƙwarai, domin rabin wasan an ɓoye shi ne a bayan tausayi da bincike kafin zartar da hukunci.

Natijar ta zo da fa'ida da illa. Tsakanin 2001 da 2008 Konami ta fitar da wasanni shida bisa wannan salo a ƙananan na'urorin Nintendo, daga Circle of the Moon zuwa Order of Ecclesia, har aka haɗa sunan wasan Metroid da na Castlevania aka ƙirƙiro kalmar Metroidvania, wadda wasanni irin su Hollow Knight na 2017 suke ƙarƙashinta. Illar kuwa ita ce tsananin da aka san silsilar da shi ya ragu, don wanda ya tara ƙarfi da makamai yakan kayar da Dirakula ba tare da gumi ba, kuma magadan wasan sun yi ta maimaita fada ɗaya da sabon fenti. Duk da haka, bayan Igarashi ya bar Konami a 2014, da ya nemi gudummawar jama'a a 2015 don yin Bloodstained bisa wannan tafarki, masoya suka tara masa fiye da dala miliyan biyar, wasan ya fito a 2019, kuma a cikinsa ma an ɓoye ƙarshen gaskiya a bayan wani ƙarshe na ƙarya.