Sake Tarihi a Cikin Hikayoyin Mugun Zamani

A cikin adabin Turai akwai wani irin ƙagaggen labari wanda a ke rubutawa don gargaɗi. Marubuci ya kan dubi wata ɗabi'a ta masu mulkin zamaninsa, ya ƙaddara ta girma har ta kai matuƙa, sa'an nan ya siffanta irin zaman da jama'a za su yi a ƙarƙashinta. Turawa suna kiran wannan distofiya, watau kishiyar Utopia, littafin da Thomas More ya wallafa cikin 1516 a kan wani tsibiri na ƙage inda tsarin zama ya kammala. Da Hausa ana iya ce musu hikayoyin mugun zamani.

Waɗanda suka fi shahara su ne We na Yevgeny Zamyatin, mutumin Rasha, wanda aka fara bugawa da Ingilishi cikin 1924. Da Brave New World na Aldous Huxley, 1932. Da littattafai biyu na George Orwell, Animal Farm, 1945, da Nineteen Eighty-Four, 1949. Da kuma Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, mutumin Amurka, 1953. Ko da ya ke sun saɓa da juna ta hanyoyi da yawa, sun haɗu a kan abu guda: a cikin kowanne, hukuma ta miƙa hannu ta kama abin da ya riga ya wuce. Ƙarya dai tsohuwar abokiyar mulki ce, amma muddin akwai mai shaida, ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. Abin da waɗannan littattafai su ke nunawa shi ne hukumar da ta gane haka, ta bar jayayya da masu shaida, ta shiga kawar da shaidar kanta.

Akawun Ma'aikatar Gaskiya

Orwell ne ya fi kowa bin wannan al'amari daki-daki. A cikin Nineteen Eighty-Four duniya ta rabu ƙasashe uku masu yaƙi da juna kullum, Oceania da Eurasia da Eastasia. Ingila yanki ce ta Oceania, jam'iyya ɗaya ke mulki, shugabanta kuwa ana ce masa Babban Wa. Wanda a ke ba da labarinsa, Winston Smith, akawu ne a sashen ajiye takardu na Ma'aikatar Gaskiya. Aikinsa shi ne a aiko masa da tsofaffin jaridu waɗanda abin da ke cikinsu ya saɓa wa maganar jam'iyya ta yau, ya gyara su. In ya gama sai a sake buga jaridar da kwanan watanta na dā, a mai da ita ma'ajiya, a jefa ta asalin cikin wani rami da ke jikin bango wanda ya zarce zuwa tanderu. Ba a barin wata alama da za ta nuna an taɓa ta.

Misalan da Orwell ya kawo ƙanana ne, kuma a nan ƙarfinsu ya ke. An rage rabon cakulan na kowane mutum daga giram 30 zuwa 20 a mako. Bayan kwana ɗaya aka yi shelar jama'a na godiya don an ƙara rabon zuwa giram 20. Wani babban ma'aikaci ya yi laifi, aka ɓatar da shi, sai aka umurci Winston ya gyara jawabin da Babban Wa ya taɓa yabonsa a ciki. Winston ya ƙaga wani soja mai suna Ogilvy, wanda ba a taɓa haihuwarsa ba, ya cika gurbin da labarin jaruntakarsa. Ta haka mai rai ya zama ba a taɓa yinsa ba, wanda ba a taɓa yi ba kuwa ya sami takardun shaida. Har ila yau, ana tsakiyar wani babban taro, mai jawabi na zagin Eurasia, sai aka miƙa masa 'yar takarda. Bai ko tsaya ba ya juya zagin kan Eastasia, gama an sake abokin gaba. Ma'aikatar ta yi wajen mako guda tana aiki dare da rana, har ba sauran takardar da ta ambaci yaƙi da Eurasia.

Shaidu uku

Abin da ya wuce ba ya nan, balle a je a duba shi. Ana saninsa ne ta hanyar takarda, da tunanin mutanen da suka gani, da kuma harshen da a ke ba da labarin. Littafin ya nuna yadda jam'iyya ta bi waɗannan uku ɗaya bayan ɗaya.

Game da takarda, sau ɗaya tak Winston ya taɓa riƙe hujja a hannunsa. Wani yankin jarida ne mai hoton manyan jam'iyya uku a birnin New York, a daidai ranar da suka amsa a gaban shari'a cewa suna ƙasar abokan gaba suna cin amana. Tsoro ya sa ya jefa shi a ramin. Bayan an kama shi, mai tuhumarsa, O'Brien, ya nuna masa wannan hoto, ya jefa a wuta a gaban idonsa, kana ya ce shi bai tuna da wani hoto ba.

Game da tunani, Winston ya tafi unguwar talakawa ya sami wani tsoho a gidan giya, ya tambaye shi ko zaman dā ya fi na yanzu. Tsohon ya tuna da irin hular da masu kuɗi ke sawa, da wata rigima da ya taɓa yi a titi, da ma'aunin giya, amma ya kasa haɗa su su zama amsa. Wannan wuri yana da muhimmanci ga masu tattara labarin baka: tunanin mutum ɗaya gutsattsari ne, sai an gwama shi da na waɗansu, da abin da aka rubuta, kafin ya zama tarihi. Su kuwa 'yan jam'iyya an hore su da riƙe magana biyu masu karo da juna a zuciya ɗaya, su yarda da duka biyun, su san sun gyara takarda kuma su manta sun gyara.

Game da harshe, jam'iyya tana shirya wani sabon Ingilishi wanda kalmominsa ke raguwa kowace shekara. Nufinta shi ne ranar da aka rasa kalmar da za a kira zalunci, a rasa mai tunaninsa, tsofaffin littattafai kuma su zama ba mai iya fahimtarsu ko da an same su.

Dokoki a jikin bango

Animal Farm ya fi kusa da masu karatun Hausa, gama Bala Abdullahi Funtua ya fassara shi da sunan Gandun Dabbobi, aka buga cikin 1975. A nan dabbobi sun kori mai gandu, sun rubuta dokoki bakwai a bangon rumbu. Aladu, da ya ke su ne suka iya karatu sosai, suka zama shugabanni. Duk lokacin da suka karya wata doka, sai a wayi gari an ƙara mata 'yan kalmomi. Dokar da ta hana kwana a gado ta koma hana shimfiɗa kyalle kawai, wadda ta hana shan giya ta koma hana wuce kima. Dabbobin su kan ji a ransu ba haka ta ke ba, amma ga rubutu a bango, sai su zargi tunaninsu. Har wata rana da dare aka tarar da kakakin aladun ya faɗo daga tsani, ga tukunyar fenti a gefensa, duk da haka ba su gane ba. Babban dokin da ya fi kowa aiki bai wuce baƙaƙe huɗu ba a karatu. Jakin da ya iya karatu kuwa ya zaɓi yin shiru. Da jahilcin mai gaskiya da shirun mai ilmi aka gina mulkin aladu.

Asalin abin a duniya

Orwell, wanda sunansa na yanka Eric Arthur Blair, an haife shi a Indiya cikin 1903, ya rasu a London cikin Janairu 1950. Ya yi yaƙin basasar Sifen daga ƙarshen 1936 zuwa 1937, inda aka harbe shi a wuya. A can ya ga jaridu suna ba da labarin faɗan Barcelona na watan Mayu 1937 saɓanin abin da ya gani da idonsa, har ana kiran ƙungiyar da ya yi yaƙi a cikinta 'yan leƙen asirin abokan gaba. Daga 1941 zuwa 1943 kuma ya yi aiki a BBC yana shirya abin da a ke watsa wa Indiya lokacin yaƙi, saboda haka ya san farfaganda ta ciki da waje.

Tarayyar Sobiyat ta zamanin Stalin ita ce babban madubinsa. An goge Trotsky daga hoton da aka ɗauka Lenin na jawabi a Mosko cikin 1920. An goge Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan asiri, daga hoton da ya ke tsaye kusa da Stalin a bakin ruwa, bayan an kashe shi cikin 1940. Ran 23 ga Agusta 1939 Rasha ta ƙulla amana da Jamus ta Hitler, ran 22 ga Yuni 1941 Jamus ta auka mata, kuma kowane juyi sai jaridun jam'iyya su juya tare da shi. Abin bai tsaya da mutuwar Orwell ba. Da aka kashe Beria cikin Disamba 1953, sai aka aika wa masu sayen babban kundin ilmi na Sobiyat da sababbin shafuka, ciki har da bayanin Tekun Bering, aka ce su yanke na Beria su manna waɗannan.

Amma a nan duniya ta saɓa da hikayar. Tanderun bai cinye kome da kome ba, domin akwai kwafi a waɗansu ƙasashe, akwai kuma masu tunawa. Cikin 1988 aka soke jarrabawar tarihi ta ƙarshen shekara a makarantun Sobiyat, saboda an yarda littattafan karatun ba abin dogara ba ne. Cikin 1990 hukumar ta amsa cewa ita ce ta kashe fursunonin Poland, wajen mutum 22,000, cikin 1940, a dajin Katyn da waɗansu wurare, bayan ta yi kusan shekara hamsin tana ɗora wa Jamus laifin.

Waɗansu hanyoyi

Sauran marubutan sun nuna ba lalle sai da akawu mai gyaran takarda ba. A littafin Zamyatin an bar wani tsohon gida da kayansa a gefen birni don a riƙa ganin wautar mutanen dā. A na Huxley an rufe gidajen tarihi, an rushe tsofaffin gine-gine, an kulle tsofaffin littattafai, amma ba mai nemansu, gama an cika jama'a da shagali da wata ƙwaya mai gusar da damuwa. A na Bradbury aikin 'yan kwana-kwana shi ne ƙona littattafai, kuma an koya musu cewa tun kafa aikin haka ya ke. A ƙarshen labarin an sami waɗansu mutane a bayan gari, kowannensu ya haddace littafi yana jiran ranar da za a sake rubutawa. Wanda ya tashi a ƙasar da hadda ta ke da daraja ba ya bukatar a bayyana masa hikimar wannan.

Abin lura ga malamai

Kuskure ne a karanta waɗannan littattafai kamar zargin ƙasa ɗaya. Orwell ya ajiye labarinsa a London da gangan, kuma cikin 1949 ya bayyana cewa gargaɗi ne ga kowace al'umma, har da masu magana da Ingilishi. Abin mamaki, littattafansa su ma an yi farfaganda da su. Wani sashe na ma'aikatar harkokin waje ta Ingila ya taimaka wajen fassara Animal Farm cikin harsuna da dama don yaƙin cacar baka da Rasha, majigin da aka yi da shi cikin 1954 kuwa da kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka aka yi shi, aka kuma sake masa ƙarshe.

Saboda haka ma'aunin da za a ɗauka daga hikayoyin ba na tambayar ko hukuma tana yabon kanta ba ne, domin kowace hukuma tana da maroƙanta. Abin tambaya shi ne ko ta bar maganar abokin jayayyarta a inda za a iya karantawa. A ƙasar nan akwai misali mai kyau. Sa'ad da Muhammadu Bello ya rubuta Infakul Maisuri cikin 1812, ya kawo wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto yana sukar jihadi, sa'an nan ya kawo amsarsa. Bello yana kare ɓangarensa ne, amma da ya ke ya kwafe hujjar abokin hamayyarsa, mai karatu na yau yana iya auna su biyun. Haka kuma malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi.

Wannan shi ne aikin da ya hau kan mai koyar da tarihi ko adabi. Ɗalibin da aka saba masa da littafi ɗaya da amsa ɗaya, ko da gaskiya ce, bai sami makamin da zai kare kansa ba ranar da aka sake littafin. Wanda aka koya wa ya tambayi wa ya rubuta, yaushe, don wa, kuma me wani ya ce a kan wannan batu, shi ne zai lura in an ƙara kalma a jikin bango.