Haƙoran Jaririnki Suna Farawa Tun Yana Ciki

'Yar'uwa mai juna biyu, haƙorin da za ki yi murnar gani idan jaririnki ya kai wata shida ya soma samuwa ne tun cikin yana da mako 6. Wajen mako na 14 yake fara tauri.

Ga yadda abin yake. Wasu ƙwayoyin halitta a cikin dasashinsa suna fitar da wani furotin mai suna amelojenin. Aikinsa kamar na katakon da magini ke kafawa ne kafin ya zuba kankare, shi ke jera sinadaran kalsiyam da fosfet a layi. Idan gini ya kankama sai jiki ya kwashe furotin ɗin, farin ɓawon haƙori ya zama kusan kashi 96 cikin 100 ma'adini ne. Su kuwa ƙwayoyin, da haƙori ya fito sun ƙare ke nan, shi ya sa ɓawon da ya lalace ba ya sake tsirowa.

Don haka ki riƙa cin wake, ƙwai, kifi da nono. Abin da ya fi damuna a wurin awo shi ne kafson "ja da yalo", wato tetrasaikilin, da mata ke saye a kemis. Yana maƙale wa kalsiyam, haƙoran yaro su fito da launin ruwan ƙasa wanda buroshi ba ya fitarwa. Idan kin taɓa sha, ki gaya mana ranar awo.