Zanen Ginin Asibiti: A Riƙa Tunawa Da Mai Jinya

A ƙasar Hausa mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Idan aka ɗauko yaro daga Kurya Madaro zuwa Ƙauran Namoda, mahaifiyarsa za ta biyo shi da goyo a baya, da tabarma da tukunya, sau da yawa har da kakarsa. Su ne za su ciyar da shi, su wanke masa tufafi, su kwana kusa da shi. Amma akasarin asibitocinmu an zana su ne bisa tsarin Turai, inda ma'aikata ke yin dukan wannan hidima, saboda haka ba a tanadi wurin mai jinya ba, sai baranda da gindin itace.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a yankin nan. A watan Yuni na 2024 Ma'aikatar Lafiya da ƙungiyar likitoci ta MSF suka auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. Duk yaron da aka kwantar, gadonsa na mutum biyu ne, watau shi da uwarsa. Uwar da ta rasa makewayi mai sutura da wurin girki, ba wuya ta ɗauki ɗanta ta koma gida tun magani bai ƙare ba.

Akwai abin koyi a garin Kaedi na ƙasar Muritaniya, inda zafi bai gaza namu ba. A can wani mai zanen gine-gine ɗan Italiya, Fabrizio Carola, ya faɗaɗa asibitin garin da jan bulo da aka gasa a wurin, ya yi ɗakuna masu rufin ƙubba, ya kuma bar fili a jikin ɗakunan domin dangi su zauna kusa da mara lafiyarsu. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1995. Maginanmu na gargajiya ba za su ga baƙon abu a nan ba, gama sun daɗe da sanin cewa katanga mai kauri da soro mai tsawo sun fi kwano sanyi a watan Afrilu.

Iska kuwa ita ma magani ce. Annobar sanƙarau da ta addabi Zamfara a 2017 daga ƙasar Zurmi ta fara ɓulla, kuma cunkoso a ɗaki marar tagogi cikin rani yana taimaka wa irin wannan cuta. Tun 1859 Florence Nightingale ta nace a yi wa ɗakin marasa lafiya tagogi masu fuskantar juna. A nan ya kamata dogayen bangwaye su dubi kudu da arewa, don kada ranar hantsi da ta la'asar su gasa masu kwanciya. Ɗakin masu amai da gudawa, wanda ke cika da damina, lalle ne ya kasance can gefe, da ƙofarsa da magudanarsa daban.

Har ila yau marasa lafiya ba iri ɗaya ba ne. Mace mai naƙuda tana bukatar hanyar da ba za ta ratsa taron maza ba, kamar yadda zaure ke raba baƙo da cikin gida. Tsoho da gurgu gangara suke so maimakon matakala. Wanda bai yi karatu ba, launi da hoto za su kai shi ɗakin magani. Itatuwa ma ba ado ne kawai ba: a 1984 Roger Ulrich ya nuna a Amurka cewa waɗanda aka yi wa tiyata suna hangen itatuwa ta taga sun riga masu kallon bango komawa gida.

Ya kamata jami'an Ma'aikatar Ayyuka a Gusau, kafin su sa hannu a kan kowane zane, su tambayi ɗan kwangila inda mai jinya za ta kwana, da inda za ta hura wuta.