Malamin Gobe Da Wayar Da Ke Aljihunsa

A shekarar 2007 aka raba wa yaran wata makarantar firamare da ke Galadima, a gefen Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari. Makarantar tana cikin wuraren farko da aka gwada shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya sanar a 2005, da alƙawarin cewa kowace ɗaya dala 100 za ta ci. 'Yan jarida suka zo, aka ɗauki hotuna, aka yi ta sambarka. Shirin bai yi nisa a Najeriya ba. Ƙasar Peru ce ta karɓe shi hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutoci fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantun ƙauye 319, rahotonsa na 2012 ya nuna yaran sun ƙware a sarrafa na'urar, amma a lissafi da karatu ba su fi 'yan'uwansu da ba a bai wa komai ba.

Wannan labari ya kamata duk ɗalibin da ke neman shaidar malanta ta NCE ya san shi, ko a Kano yake karatu, ko Zariya, ko Katsina, ko Sakkwato. Dalili kuwa, shi za a miƙa wa irin waɗannan kaya gobe, a ce ya yi abin al'ajabi da su, in abin bai yiwu ba a ɗora masa laifi.

Wani gwaji da aka yi a yankin Kisumu na ƙasar Kenya ya fi nuna inda gizo ke saƙar. An raba makarantu gida uku. A wasu aka bai wa yara na'urar karanta littafi, a wasu aka bai wa malamai kwamfutar hannu, a sauran kuwa jami'an da ke zagaya makarantu suna duba malamai kaɗai aka bai wa. Dukkansu an ba su littattafai da tsararrun darussa, an kuma horar da malamansu. Karatun yara ya inganta a gida ukun, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. A kuɗi bambancin ya fito, domin saya wa kowane yaro na'ura ya ci ninkin-ba-ninkin abin da sauran suka ci. Da Kenya ta tashi yaɗa shirin a faɗin ƙasa a 2015 da sunan Tusome, hanyar mai araha ta ɗauka. Jihar Edo kuwa, da ta fara shirinta na EdoBEST a 2018, a hannun malamai ta sa kwamfutar, darasin kowace rana yana ciki.

Maƙwabciyarmu Nijar tana da nata darasin. Tun 1964 ta fara gwada koyar da 'yan firamare ta talabijin da taimakon Faransa, amma makarantun da abin ya kai gare su kaɗan ne, daga baya aka daina. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na 2009 zuwa 2010 a ƙauyukan Doso da Damagaram, inda aka shigar da koyon amfani da ƙaramar wayar hannu cikin ajin yaƙi da jahilci na Hausa da Zabarmanci. Binciken Jenny Aker ta jami'ar Tufts ya gano manyan da aka koya wa waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Ba wani sirri a ciki. Wanda ya iya tura saƙo ga ɗansa da ke ci-rani, ko ya tambayi farashin gero a kasuwa, ya sami dalilin yin rubutu bayan an tashi aji. Malamin yana nan, allon yana nan, wayar ta zo ta ƙara wa abin da ake yi ƙarfi.

To, mu dawo ajin da malamin gobe zai shiga. A yawancin makarantun gwamnati na Arewa zai tarar da yara saba'in ko tamanin, wani lokaci fiye, wasu a benci wasu a ƙasa. Babu soket a bango, in akwai ma babu wuta. Na'ura ɗaya tak yake da tabbacin samu, ita ce wayar da ke aljihunsa. A ganina daga nan ya kamata horonsa ya fara.

Amfanin waya na farko kafin a shiga aji ne. Malamin da za a tura ya koyar da kimiyya alhali Hausa ko Islamiyya ya karanta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne, zai iya zama da daddare ya fahimci darasin kafin gari ya waye. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ne, kuma akwai darussan Hausa a ciki. Akwai Kiwix, mai ajiye Wikipedia a cikin waya a karanta ba tare da intanet ba. Akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga jami'ar Colorado, inda za ka haɗa batir da wayar wuta da ƙwan lantarki a fuskar na'ura ka ga wuta ta kama. Mutum ɗaya ya sauke in ya sami data, saura su karɓa ta Xender, kamar dai yadda ake yi da finafinai.

A cikin aji kuwa, sauti ya fi hoto isa ga jama'a. Fuskar waya ba ta kai tafin hannu biyu ba, yaro na layi na huɗu ba zai ga komai ba, rububin leƙe kuma zai cinye rabin darasi. Amma 'yar ƙaramar lasifika mai caji tana kai murya har ƙarshen aji: labarin da aka karanta da kyau, furucin Turanci ko Larabci daidai, waƙar koyon baƙaƙe. In kuma abin na gani ne, kamar yadda iri ke tsirowa ko yadda zuciya ke harba jini, sai a raba yara rukuni-rukuni, kowane ya zo ya kalla na minti biyu yayin da saura ke wani aiki a littafi. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma sai malami ya yi tambaya kafin kallon, ya sake yi bayansa. In ba haka ba, an yi majigi ne kawai an watse.

Akwai wani amfani da ɗaliban kwaleji ba su cika kulawa da shi ba. Darasin nan na koyarwar gwaji a gaban abokan aji, wanda ake yi kafin a fita TP, wato zuwa makarantu koyarwa ta ɗan lokaci, a jami'ar Stanford aka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1960, kuma ɗaukar malami a bidiyo ya kalli kansa yana cikin ginshiƙansa. A wancan zamani kayan ɗaukar sai manyan jami'o'i. Yau aboki zai riƙe maka waya minti goma. Duk wanda ya daure ya kalli kansa zai ga abin da ba mai gaya masa: ya juya wa aji baya yana magana da allo, gefe ɗaya kawai yake kallo, ya ce "kun gane?" sau barkatai bai jira amsa ba, ya yi tambaya ya amsa wa kansa. Ba daɗin kallo, amma yana gyara mutum da sauri.

Sai batun manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda ɗalibai suka riga suka gano suna rubuta shirin darasi cikin ƙiftawar ido. Suna da amfani wajen tsara tambayoyi da nemo misalai. Sai dai suna faɗin ƙarya da cikakken ƙarfin hali, Hausarsu kan ɗauko ƙirar Turanci, misalansu kuma sau da yawa na yaran wata duniya ne. Wanda bai san darasin ba, ba zai gane inda suka zame ba, sai ya kwashe kuskuren ya zuba wa yara tamanin. A karanta, a gwada da littafin manhaja, a mayar da misalin ya zama na mangwaro da naira. A kuma saka allon rubutu na Hausa a waya, Gboard yana da shi, don yaro ya saba ganin ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu.

Hoton yara ma abin lura ne. Ɗaukar ɗalibi yana kuskure ko yana kuka a watsa a TikTok don neman mabiya cin amana ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a wadda ta nemi a sami izinin iyaye a kan abin da ya shafi yara.

Kada a ɗauka ina cewa yara ba sa bukatar taɓa kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ta fara gwada haka da masu rubutawa daga waje a 2024, shi kansa malamin a kwamfuta zai zauna jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN. Yaron ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa an cuce shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Inda makaranta ke da ɗakin kwamfuta, malami ya nemi makulli, ya tsara zuwa bi da bi, ko da mutum huɗu ne a kan na'ura ɗaya. Da yawa daga ɗakunan nan a kulle suke, shugaban makaranta yana tsoron kada wani abu ya lalace a ce ya biya.

Gyaran yana hannun kwalejoji da hukumar NCCE mai tsara musu manhaja. Muddin ana koyar da fasahar koyarwa ta hanyar shifta, ɗalibi ya haddace sunayen na'urorin da bai taɓa kunnawa ba, ya zube su a takarda ya ci, ba a yi komai ba. Shugabannin kwalejoji, ku sa a ƙa'ida cewa kafin ɗalibi ya fita TP sai ya gabatar da darasi ɗaya da waya da lasifika a ajin da babu wuta, ya kuma kawo bidiyon koyarwarsa tare da gyare-gyaren da ya gano da kansa, a ba shi maki a kai.